Godiyar Iyalai Bisa Rashin Mahaifinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin iyayenmu mata da 'yan'uwana da sauran dangi na birni da na ƙauye, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana a rashin mahaifinmu, wanda Allah Ya karɓi ransa a nan Kano bayan jinya a Asibitin Murtala, aka kuma kai shi makwancinsa a ƙauyenmu da ke ƙasar Wudil kamar yadda ya bar wasiyya. Mun gode wa likitoci da ma'aikatan jinya da suka yi haƙuri da dattijon da bai saba zaman gado ba, wanda ko an tambaye shi jiki sai ya fara tambayar ko an kai shanu mashaya. Mun gode wa maƙwabtanmu na Gyaɗi-Gyaɗi da liman da jama'ar masallacinmu, waɗanda suka kafa rumfa, suka ɗauke mana ɗawainiyar baƙi har aka tashi daga zaman makoki.

Da yawa daga cikin waɗanda suka zo mana gaisuwa a birni ba su taɓa ganinsa ba, albarkacinmu suka zo, don haka ya dace su san wanda suka yi wa addu'a.

Baffa, kamar yadda muke kiran mahaifin namu, ya haura shekara tamanin a duniya, kuma tun yana yaro yake riƙe da sandar kiwo, bai ajiye ta ba sai da ƙafa ta gaza. Farin 1973 ya same shi da garken da ya gada, ya kora shi kudu wajen Tudun Wada neman ciyawa, ya dawo da abin da bai kai rabi ba. Bai gama farfaɗowa ba annobar bushiya ta 1983 ta shigo, wadda ta bar makiyaya da dama ba su da ko maraƙi a turke. A tsakanin waɗannan jarrabawa biyu ne gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, kuma har tsufansa yana tuna wannan da alheri, domin ya ga zamanin da makiyayi kan ɓoye shanunsa a daji idan masu ƙidaya sun doso. Daga baya, da satar shanu ta yi ƙamari a dajin Falgore, sai ya daina nisa, ya rage garken, ya koma tanadin harawa da dusa da ƙowar wake tun daga kaka.

Godiyarmu ta musamman tana ga manoman ƙauyenmu da na kewaye, domin su ne suka fi yawa a sahun jana'iza. Wasunsu sun taka da ƙafa daga nesa, kuma kusan duk wanda ya zauna a gabanmu shaida ɗaya ya bayar: idan shanun Baffa suka yi ɓarna a gona, shi yake riga mai gonar zuwa wurin mai unguwa, ya nemi a kimanta, ya biya. Bayan girbi kuwa manoma kan yi rige-rigen ya kafa mashekari a gonakinsu, shanu su ci kara da karmami, su bar musu taki. Ya sha yin ƙorafi a kan yadda ake cinye burtali da noma da gine-gine, kuma yana da gaskiya, amma ƙorafinsa a gaban dagaci da arɗo yake kai shi. A wannan lokaci da ba a cika ambaton makiyayi ba sai an haɗa shi da tashin hankali, hawayen waɗannan manoma ya sanyaya mana zuciya fiye da yadda za mu iya faɗa.

Akwai kuma dattawa makiyaya da suka zo da labarin da mu 'ya'yansa ba mu sani ba. Bayan bushiya, daga ɗan abin da ya rage masa, ya riƙa ba wa waɗanda garkensu ya ƙare aron karsana, su riƙe ta har ta haihu, 'ya'yan su zama nasu, sannan su dawo masa da uwar. Wasu garkunan da ke kiwo a ƙasarmu yau daga nan suka samo asali. Ba ya wasa da zakka: maraƙi a cikin talatin, saniya a cikin arba'in, kuma ba ya zaɓar ramammiya.

Mun gode wa dillalai da mahauta da fataken kasuwar shanu ta Wudil, inda ya shafe shekaru yana cin kasuwar Juma'a. Sun zo a ƙungiyance, sun shaida cewa bai taɓa ɓoye aibin dabba ba, ko da hakan zai karya mata kuɗi. A wannan kasuwa ya sayar da bijiman da aka biya mana kuɗin makaranta da su, shi da bai yi boko ba, amma ya san kowace saniya a garkensa da uwarta da kakarta.

Waɗanda suka kira a waya, da waɗanda suka aiko da saƙo ta Facebook da WhatsApp, da ɗaliban makarantar allo da suka sauke Alƙur'ani, duk mun gani, mun kuma gode. Allah Ya ba kowa lada, Ya bar zumunci. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya kyautata namu ƙarshen.

Kafin a zauna rabon gado, muna roƙon duk wanda yake bin marigayin bashi, ko wanda marigayin yake bi, ya tuntuɓi babban yayanmu a gida. Haka kuma 'yan kasuwa da ma'aikatan cikin birni da suka ba shi kiwon amana, shanunsu suna nan a ware a hannun ƙanenmu, kuma muna so kowa ya zo da shaidunsa ya duba nasa kafin faɗuwar damina, ya yanke ko zai ɗauka ko zai bar su a garken.

Wassalam, daga ɗaya daga cikin 'ya'yansa, a madadin iyalai baki ɗaya.