Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tamuín, Garin Shanu

Makon jiya mun tsaya a inda makaranta ta tura ni koyon aiki wata gonar kiwo a jihar San Luis Potosí, ƙasar Meziko. Garin da na sauka shi ne Tamuín, kimanin kilomita 30 gabas da Ciudad Valles, kan titin da ya miƙe zuwa Tampico a bakin teku. Tsaunuka sun ƙare ta yammacinsa, daga nan sai shimfiɗaɗɗen fili, kogin Tampaón na ta lauje-lauje a ciki. Zafi kuwa ba a magana. A watan Mayu yakan haura digiri 40, ga gumi kamar an watsa maka ruwa, ko ɗan Sakkwato irina sai ya nemi inuwa.

Shanunsu masu tozo ne, ciyawar da suke shuka musu ma asalinta daga Afirka take. Shi ya sa ban yi baƙunta ba.

Wata Lahadi wani dattijon makiyayi, ɗan ƙabilar Tenek, wato Huastek, ya kai ni Tamtoc, kufan birnin kakanninsu da kogin ya kusa zagayewa. A 2005 aka tono wani faifan dutse mai nauyin kusan tan 30, an sassaƙa mata uku a jikinsa, a 2006 aka buɗe wurin ga masu ziyara. Harshen Tenek dangin na ƙabilar Maya ne, alhali Maya suna can nesa a kudu.

A hanyar dawowa ya ba ni labarin da ya hana ni barci. Hernán Cortés, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya ci yankin da yaƙi a 1522. Da wani ɗan Sifaniya, Nuño de Guzmán, ya zo gwamnan Pánuco, wato lardin da yankin yake ciki, a 1527, sai ya riƙa loda mutanen ƙasar a jiragen ruwa zuwa tsibiran Karebiyan, ana musayarsu da shanu da dawaki. Dubban bayin Allah aka kwashe. Ni a ganina, duk wanda zai yaba garkunan yankin nan, to ya fara sanin da me aka biya na farko.

Da dare na kira gida na ce, "Baffa, ka san a nan da mutane aka sayi shanu?" Ya yi salati, ya yi shiru can, sannan ya ce, "To yanzu nawa bijimi yake a wajensu?"

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin azumina na farko a can.