Ni da Kawu a tudun Kure

Da asuba muka bar Tawa, zan kai Kawu Yamai ganin likitan ido. Mahalbi ne, gado ya yi, ko da yake kwari da bakan sun daɗe a rataye suna shan ƙura. Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, duk barci ya sha abinsa. Sai da muka wuce Birnin Gaure muka hau tudun Kure, saura kamar kilomita 60 mu shiga Yamai, direba ya taka birki ya ce mu dubi dama.

Raƙuman dawa ne, uku, suna tsinkar ganye ba ruwansu da mu. Kawu ya sauka ya kare rana da tafin hannu. Idon nan da ake cewa ya mutu, shi ya riga nawa hango na huɗu a bayan geza.

Irin wannan raƙumin a Nijar kaɗai ya rage. A 1996 kusan 50 suka saura, yanzu sun haura 600, har a 2018 aka kwashi takwas aka kai gandun dajin Gadabeji. Ba shinge, cikin gonakin Zabarmawa suke yawo. Direba ya ce manoma na kuka da su kan wake, amma ba mai taɓa su, hukuma ta hana.

Muna tsaye wata babbar mota ta wuce, an lafta mata itace har tana rangaji, ta nufi Yamai. Kawu ya bi ta da kallo.

"Ɗan nan, ku 'yan boko kun ce mu muka cinye daji. Mu da damina ba mu fita, lokacin goyo ne. Sai an kau da amfanin gona Sarkin Dawa ya ba da rana, gari ya fita gaba ɗaya, wadda aka gani da ɗa a bar ta. To wancan fa, wa ke ba shi rana? In ka sare geza da sabara, ina gada za ta kwanta, ina zabuwa za ta yi ƙwai?"

Ban yarda da shi duka ba. Farin 1973 da na 1984 sun yi tasu ɓarnar, haka masu bin barewa da mota da bindiga, kuma mahalban ma ba duka ke jiran Sarkin Dawa ba. Amma da na dubi tudun, layin kurmi, layin fako, fakon na ta cin kurmin, sai na ja bakina.

Direba ya matsa mu tafi. Tun harin Agustan 2020 da aka kashe mutum takwas a nan, ba mai son daɗewa a bakin hanya.

Bayan magariba muka sauka gidan Inna a Yamai. Ta tuƙa mana tuwo tana mitar tsadar itace. Kawu ya jawo guda daga bakin murhu ya shinshina, ya ce geza ce, ɗanya ma aka sare ta. Ya mayar cikin wuta, ya wanke hannu.