Laraba: shuɗin lemon walima

Tun da safe nake kicin kan odar walimar Asabar. Amarya ta dage sai lemon da za a raba ya zama shuɗi, wai ya dace da ankon ƙawaye. Zoɓo ja, kunun aya fari, don haka na sayo sirof ɗin nan da masu gidajen shan lemo ke zubawa, wanda aka rubuta Blue Curaçao a jikin kwalbarsa. Na haɗa na gwaji da lemon tsami da Sprite da ƙanƙara. Ya yi kyau har na ɗauke shi hoto.

Wajen azahar Goggo ta leƙo, na zuba mata ta ɗanɗana. Ta kai kofi baki ke nan Auta, da ke kwance yana latsa waya, ya ɗaga kwalbar ya ce, "Yaya, wannan fa sunan giya ne."

Goggo ta dire kofin. "Innalillahi! 'Yar nan, abin da za ki shayar da mutane ke nan?"

"Goggo, wallahi ba giya ba ce. Ga abin da ke ciki a rubuce: sukari, ruwa, ƙamshin lemo da kala. Ko ɗigon barasa babu."

"To da babu, me ya haɗa shi da sunanta?"

Auta ya samu abin yi. Ya tashi zaune ya ce ai sunan wani tsibiri ne can tekun Karebiya, kusa da Benezuwela, a ƙarƙashin masarautar Holan. Ta ƙwallo ya san su. A Nuwamban 2025 suka yi canjaras da Jamaika suka samu gurbin gasar cin kofin duniya, kuma ba a taɓa samun ƙasa mai ƙarancin jama'a kamarsu da ta kai nan ba. Mutanensu ba su kai dubu 200 ba, ƙaramar hukumar Dala kaɗai ta ninka su. "Su sun samu," in ji shi, "namu kuwa Kwango ta koro su gida." Har yau abin na cinsa.

Goggo ta ce ita ba ƙwallo ta tambaya ba.

Sai muka duba tare, ina karantawa ina mayar mata. Turawan Sifaniya ne suka kai itacen lemon zaƙi tsibirin, amma ƙasar busasshiya ce, ruwan sama kaɗan, sai lemon ya fito da ɗaci, ba ya shayuwa. Laraha suke ce masa. Daga baya aka lura ɓawonsa, in ya bushe a rana, yana da ƙamshi sosai. Shi ake jiƙawa cikin barasa da kayan ƙamshi, kuma kamfanin Senior da ke Willemstad, babban birninsu, tun 1896 yake wannan sana'a. Abin da ya ba ni dariya, ita giyar fara ce tas, shuɗin kala ce kawai ake zubawa don ɗaukar ido. Na ce, "Kin gani, Goggo, kala da ƙamshi kawai masu sirof suka ara."

Ta gyara mayafi. "Ke kin karanta jikin kwalba. Matar da za ta gan ta a kicin ɗinki ranar Asabar ba za ta karanta ba, labari za ta kai. Abin da ake shakka a kansa, barinsa ya fi."

Na so in yi musu, ban samu ta inda zan kama ba. A ganina halal ne, ba ni da ko tantama. Amma sana'ar abinci da yardar mutane take tafiya, kuma na san bakin matan unguwarmu. Kuɗin kwalbar ne ya tsaya min a rai.

Bayan isha, da aka ɗauke wuta, na koma karanta labarin tsibirin, kuma a nan nishaɗin ya gudu. Holan ta ƙwace shi daga Sifaniya a 1634, tashar jirginsa ta zama zangon bayi. Daga gaɓar Afirka ta Yamma ake kwaso mutane a sauke a can, sannan a sayar da su zuwa wasu ƙasashe. A 1795 wani bawa mai suna Tula ya jagoranci tawaye, aka kama shi aka kashe. Sai 1863 aka soke bautar. Yawancin 'yan wasan da Auta ke jin haushinsu jikokin waɗancan mutane ne. Duk hotunan da na gani da rana gidaje ne masu fenti kala-kala a bakin ruwa da kofuna masu shuɗin abin sha, babu wanda ya nuna wannan.

Baban Amira ya dawo na fara ba shi labari, ya ce shi dai a zubo tuwo.

Gas ya kusa ƙarewa. Tela bai ɗaga waya ba. Gobe zan shiga kasuwa in sayo kalar abinci, in dafa ɓawon lemo da sukari da kaina, in ya so Goggo ta zo ta tsaya a kaina ta ga duk abin da na zuba.