Ranar tantance 'yan sama

Asabar, mako na biyu na watan Mayu, arewacin Dalas.

Takwas saura aka buɗe zauren atisaye, kafin tara yara 61 sun karɓi lambobinsu sun manna a ƙirji. Haka kakar ciyalidin, wasan ƙungiya na rawa, alkafura da ɗaga mutum sama, take juyawa a Amurka: ana gama manyan gasannin Olando a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu, ko gajiya ba a huce ba sai a shiga tantance 'yan wasan kaka mai zuwa. Yau tawagar manya ta mataki na 3 muke haɗawa, gurbi 20. Kowace ɗagawa mutum huɗu take ci: ginshiƙai biyu masu riƙe ƙafa, mai tsaron baya, sai wadda ake ɗagawa, wadda a nan ake kira fulaya, ni kuwa 'yar sama nake ce mata. Ashirin a raba huɗu, biyar ke nan. To yara 17 ne suka rubuta a fom cewa sama suke so. Duk hayaniyar yinin daga wannan lissafi ta taso.

Hukumar USASF, wadda aka kafa a 2003 don tsara gasar kulob-kulob, ita ke fitar da jadawalin shekaru, kuma yanzu da shekarar haihuwa take aiki. A tsakiyar shekarun 2010 ana iya sa 'yar shekara 10 a rukunin manya tare da 'yan shekara 18, daga baya aka riƙa ɗaga mafi ƙarancin shekarun kaɗan-kaɗan. Duk da haka tazarar tana da faɗi. Ƙaramar cikin yaranmu yau shekararta 12, babbar 18. Dokar ba ta ce komai a kan nauyi ko tsawo ba, ta bar wa koci. Nan ne kulob da yawa suke bin gajeriyar hanya, su tsinto ƙananan yara daga rukunin ƙasa su ɗora a kan manya, a samu ɗagawa mai sauƙi.

Babu sikeli a zauren, kuma da gangan ne. Wasu jami'o'in ƙasar nan sun taɓa sanya wa mata iyakar nauyi, fam 120 ko 125, kimanin kilo 55 ke nan, wadda ta haura a sallame ta. Lambar sikeli ba ta faɗin nauyin da hannun ginshiƙi zai ji. Duk wanda ya taɓa ɗaukar yaro mai barci ya san ya fi nauyi a kan lokacin da idonsa biyu, alhali yaron ɗaya ne. 'Yar sama mai sakin jiki tamkar buhun da ba a cika ba ce, ka riƙe nan ya zube can.

Da ƙasa aka fara, babu mai taɓa kowa. Kwanciya rigingine, gadon baya manne da dabe, ƙafafu da kafaɗu a ɗage kaɗan, daƙiƙa 30. Wadda bayanta ya banƙare har hannu ya shige ƙarƙashi, cikinta bai yi ƙarfin riƙe ta a sama ba. Sai tsayuwar libati a kan dungun soso: ƙafa ɗaya, gwiwar tsayuwa a kulle, ɗaya gwiwar a ɗage, ƙugu a daidaice, ido a bango, shi ma daƙiƙa 30, dama da hagu. Sai siffofin jiki, wato ɗaga diddige ta gaba da hannu, arabes, inda ake miƙe ƙafa ɗaya baya, da kunama, inda ake janyo ƙafa ta baya zuwa saman kai. A nan mutum shida suka fita daga 17, kuma biyu daga cikinsu suna cikin mafi ƙanƙanta a zauren. Laushin jiki suna da shi har da ƙari, ƙarfin riƙe shi ne babu.

Gwaji na biyu shi ne shiga hannu. 'Yar sama ta dafa kafaɗun ginshiƙai, mai tsaron baya ta riƙe ƙugunta, ta yi tsalle ta sa ƙafafu a tafukansu. Abin dubawa ɗaya ne: ina ta ajiye nauyinta? Ya kamata ya zauna a hannuwanta, gwiwar hannu a miƙe, ƙugu sama da gwiwa. Idan ta zauna a kan ƙafafunta, ginshiƙai sun fara ɗagawa daga cikin rami. Ƙidayarmu takwas ce: ɗaya-biyu a shiga, uku-huɗu a ɗan durƙusa tare, biyar-shida a tashi, bakwai-takwas a kulle. Ƙarfin daga cinya yake fitowa. Ginshiƙin da ke ɗagawa da baya, ba ta kai watan Nuwamba ba tare da ciwon ƙugu ba.

Mataki na 3 shi ne inda doka ta fara yarda a tsaya da ƙafa ɗaya a kan miƙaƙƙun hannaye ba tare da wata 'yar sama ta riƙe ta ba. A mataki na 2 ƙafa biyu ne a can sama, ƙafa ɗaya kuwa iyakarta ƙirji. Don haka gwajin da ya fi nauyi yau shi ne libati a sama, a sauko cikin cafka, wato na ƙasa su cafe ta a hannu. Tsarin da muka bi: kowace 'yar sama ta zagaya rukuni uku na masu ɗagawa, sau biyar-biyar, a rubuta nawa suka tsaya cikin 15. Zagayawar nan ita ce gishirin gwajin. Idan aka bar yarinya da rukuni ɗaya, ba a san ko ita ake aunawa ba ko waɗanda ke ƙasanta.

Lamba 14 ce 'yar shekara 12, siririya, kanta bai wuce kafaɗar ginshiƙanta ba. Tashin farko har sai da mai tsaron baya ta yi dariya, don ta wuce sama kamar an cilla hula. Amma tana isa ta danna yatsun ƙafa ƙasa, diddige ya ɗaga daga tafin babbar ginshiƙi. Ta kalli dabe, kafaɗa ta biyo ido, ƙugu ya fita hagu. Ginshiƙai suka taka biyu suka koma ƙarƙashinta, ɗagawar ta tsaya. Daga kujerun iyaye abin ya yi kyau, har da tafi. A takarda na rubuta: an ceto. Cikin 15 ta tsaya sau 12, bakwai daga ciki ceto ne. A cafka kuma sau uku ta buɗe hannu da wuri, na ƙarshe gwiwar hannunta ta sami leɓen mai tsaron baya, aka ɗauko ƙanƙara.

Lamba 38 shekararta 17, shekara shida tana sama. A ido za ta ɗara lamba 14 da kilo goma sha wani abu. Tashinta bai da saurin na waccan, amma ita take miƙe kanta, ta tura kafaɗun ginshiƙai ta kulle gwiwa tun kafin a kai ƙirji, ta tsaya ƙyam kamar taɓarya. Ƙafarta shimfiɗe take a tafi, babu mai taka ko'ina. Rukuni na farko biyar cikin biyar, na uku ma haka. A na biyu ta faɗo sau uku a jere, duka ta gefe ɗaya. Da aka duba, ɗaya ginshiƙin ta fi ɗaya tsawo da kusan santimita 10, ƙafar tana zama a karkace. Aka canza ginshiƙi ɗaya, matsalar ta tafi. Da rukunin nan kaɗai aka gwada ta, da an ce ta yi nauyi, kuma da kowa ya yarda.

Ba na cikin masu cewa girma ba ya nufin komai, don ƙarya ce mai daɗin ji. Wasan gasa minti biyu da rabi ne, a kan dabe mai sifirin, girmansa ƙafa 54 da 42, kuma dalar ƙarshe, inda rukunan ɗagawa ke haɗuwa wuri ɗaya, tana zuwa ne bayan ginshiƙai sun yi gudu, sun yi alkafura, sun yi tsalle, numfashi ya ƙare. Kilo biyar da ba a ji a minti na farko, ana jin sa a na ƙarshe. Tsawo ma yana da nasa: doguwar yarinya idan ta karkata kaɗan a sama, karkatar tana ninkuwa kafin ta iso wuyan hannun mai riƙe ƙafa. A cillin kwando kuwa, inda ake cilla 'yar sama a cafe ta, wadda ta faɗo daga mita 2 sama da hannun masu cafka tana isowa da gudun da ya haura kilomita 20 a awa, kuma duk ƙarin nauyi a hannunsu yake sauka. Shi ya sa muka maimaita gwajin bayan an sa masu ɗagawa gudun zagaye da tsalle na minti biyu. Lamba 38 ta tsaya huɗu cikin biyar. Lamba 14 ta tsaya biyu, domin gajiyayyun ƙafafu ba sa iya bin ta suna ceto.

Iyaye idonsu a kan wadda ke sama yake, su manta da na ƙasa. Wani bincike kan makarantun sakandaren Amurka da aka buga a 2016 ya gano cewa a raunukan ɗagawa ginshiƙai ne suka fi yawa, kusan rabi, sun ɗara 'yan sama. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ma tun a 2012 ta nuna cewa kusan duk buguwar kai a wannan wasa daga ɗagawa take zuwa. Don haka in ana maganar adalci, mutum huɗu ake yi wa, har da mai leɓen da ya kumbura.

Wajen ƙarfe biyu aka ba iyaye minti goma-goma. Mahaifiyar lamba 14 ta zo da bidiyo a waya. Ta ce, "Koci, ai kowa ya ga yadda take tashi, wa ya kai ta sauƙin ɗauka?" Babbar kociyarmu ta karɓi wayar, ta tsayar da hoton daidai inda diddigen ya rabu da tafi, ta nuna mata ƙafafun ginshiƙai suna tafiya. Sannan ta yi mata lissafin da ba a cika yi wa iyaye ba. 'Yan mata sukan yi tsawo mafi sauri a wajen shekara 11 zuwa 12, kimanin santimita 8 a shekara. Yarinyar da aka ɗora kan manya saboda ƙanƙanta, manyan suna rufe mata kurakurai da ƙarfinsu, ba ta taɓa koyon riƙe kanta. Shekara biyu sai jiki ya zo, a sauke ta a ɗauko wata ƙaramar, ita kuwa ba ta iya sama ba, ba ta iya ƙasa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wurin tanƙwarar shi ne cikin sa'o'inta, inda ginshiƙai ba su da ƙarfin ceto, dole ta gyara ƙafa. Akwai kuma abin da ba ya cikin takardar maki: 'yar aji shida a ɗakin otal da motar tafiya tare da masu shirin shiga jami'a, hirarsu ba ɗaya ba ce.

Tsoron a sauke mutum shi ne ke kai yara ga wasa da abinci. Ana fara gani daga tsallake kalaci kafin atisaye, jiri a sama, al'ada ta ɗauke, ƙashin ƙafa ya riƙa tsagewa ba tare da faɗuwa ba. Tun 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya ba wannan yanayi suna, ƙarancin kuzari a wasanni. Saboda haka akwai kalmomin da aka hana a zauren nan, ga koci da yara baki ɗaya: ba a cewa wance ta yi nauyi, ba a cewa wance ta fi sauƙi. Ginshiƙi ta faɗi abin da hannunta ya ji, diddige ya ɗaga, ƙugu ya fita, ta zauna a shiga. Waɗannan ana iya gyara su ranar Talata.

Zaman kociyoyi ya ɗauki awa ɗaya da rabi, kuma gurbi huɗu ba su ci minti goma ba. Na biyar ne ya ja. Mai tsara rawa yana son lamba 14 a tsakiyar dala, don a cewarsa alƙalai suna son tashi mai sauri da tsayi, kuma gaskiyarsa. Aka ajiye takardun a tebur: tsayuwa mai tsabta, ceto, cafka, gwajin bayan gajiya. Lamba 38 ta riƙe gurbinta. Lamba 14 za ta tafi tawagar matasa ta mataki na 2 a matsayin 'yar sama, da sharaɗin rabin awa kowane mako tana koyon riƙe ƙafa a ƙasa.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce lamba 22, 'yar shekara 16, wadda ta yi sama shekara huɗu. Ta yi tsawo sosai bana, kuma tun faɗuwar da ta yi a Fabrairu take naɗe jiki a tsakiyar juyi, ta sauko da gefe. Tara cikin 15. Za a ba ta tsaron baya, inda dogon hannu yake da daraja, don ita ce mai kama idon sawu a sama, ita ce mai kama kai da kafaɗa a cafka, ita ce mai ƙidaya. Ba za ta ji shi a matsayin ƙarin girma ba, kuma ba za mu yi mata ƙaryar cewa haka ne ba. An yanke a kira ta gobe ita da mahaifinta, a nuna mata takardarta kafin jerin sunaye ya fita ranar Litinin.

Duk gurabun biyar na wucin gadi ne har mako na farko na Agusta, a sake gwajin nan da rukunai uku kafin a fara tsara wasan gasa. An rubuta ranar a takardar da iyaye za su sa wa hannu. Leɓen mai tsaron baya ya sabe kafin a tashi, bai kai ga ɗinki ba. Sai dai ginshiƙan rukuni na biyu har yanzu babu wadda ta yi daidai da doguwar a tsawo, Talata za a gwada ta da lamba 45.