Diyod ɗaya a caja, taransfoma ce ke shan wahalarsa

Wutar da ke shigowa gidajenmu ba fuska ɗaya take bi ba. Tana zuwa tana komawa sau 50 a cikin daƙiƙa guda, shi ya sa muke ce mata AC. Batir kuwa ba ya karɓar wuta sai mai fuska ɗaya, wato DC. Hanya mafi arha ta samun haka ita ce a sa diyod guda a kan waya, ya bar rabin da ke zuwa ya wuce, ya tare rabin da ke komawa. Ni da nake gyaran kayan lantarki, wannan haɗin ba ya kwanta mini a rai, musamman a cajar batirin mota da ta babur irin wadda ake haɗawa a gida.

An taɓa kawo mini irinta a shago. Akwatin katako ne, a ciki akwai taransfomar da aka ciro daga tsohuwar sitabilaiza, sai ƙaton diyod ɗaya da aka ɗaure a jikin farantin alminiyom. Mai ita ya ce, "Maigida, tana caji lafiya, amma kukanta ya hana ni sakat." Da na jona ta da batir sai ta kama gurnani, kafin a jima ba ka iya ɗora hannu a kan ƙarfenta, ga warin banish, wato man da ake shafe wayoyin taransfoma da shi, yana tashi.

Dalilin a fili yake. Ƙarfen da ke tsakiyar taransfoma an yi shi ne don maganaɗisu ya riƙa juyawa a cikinsa, ya je nan ya dawo can daidai wa daida. A jikin ƙarfen akwai kwayil biyu, wato naɗin waya, na shigar wuta da na fitarta. Idan kwayil ɗin fita yana ba da wuta ta fuska ɗaya kawai, sai maganaɗisun ya karkata gefe guda, kamar jakin da aka cika wa mangala ɓari ɗaya. Ƙarfen ya ƙoshi, ba ya iya ɗaukar ƙari, sai kwayil ɗin shiga ya riƙa fizgar wuta mai yawa a ɗan lokaci kaɗan cikin kowane zagaye, wato kowane zuwa da komawar wuta. Daga nan zafin yake fitowa, daga nan kuma kukan.

Abin ya fi muni idan diyod ɗin kai tsaye yake a kan soket, babu taransfoma a tsakani. Haka ake yi a dirayar gashi da yawa: maɓallin rage zafi diyod ne kawai, yana yanke rabin wutar, ƙarfin zafin ya ragu da rabi. A nan DC ɗin cikin layi yake shiga. Rabin zagaye ɗaya yana ɗaukar nauyi, ɗayan yana zaman banza, sai siffar wutar ta gurɓace ga duk wanda ke kan layin. Babbar taransfomar unguwa tana iya shanye diraya ɗaya, amma ƙaramin janareta ko inbata ba su da wannan ƙarfin. Masu amfilifaya mai taransfoma zagayayya sun san wannan, don da an kunna irin wannan kaya a kusa sai nasu ya soma ƙugi.

Ba a banza ba ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 61000-3-2 ta taƙaita wannan haɗin a kan layi. Ta yarda da shi a 'yan wurare, kamar kayan da bai wuce wat 100 ba, ko kayan hannu da ake kunnawa na 'yan mintuna.

Cajar nan kuwa, na cire diyod ɗin na sa burij, wato diyod huɗu a haɗe. Da burij ana cin moriyar rabin zagayen duka biyu, wutar tana isa batir sau 100 a daƙiƙa maimakon 50, ƙarfen taransfoma kuma ya daina karkata. Gurnanin ya tsaya, ta yi yini tana aiki da ɗan ɗumi kawai.

Ga masu koyon sana'ar nan, ku lura da mitar da kuke awo da ita. Mitar maƙalawa mai arha, wato wadda ake maƙala wa waya don auna yawan wutar da ke bi ta ciki, AC kaɗai take karantawa, ba ta ganin DC ɗin da ke cikin waya, don haka za ta nuna muku amfiya kaɗan alhali kwayil yana dahuwa. A irin wannan awon ku nemi wadda ke karanta AC da DC duka.