Ranar da na sa hannu babu CRM

Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin ɗakin gwaji bayan shekara 7. An ce in bar wa na baya 'yan kalmomi, amma duk inda na juya, zancen gyadar nan ke dawo mini.

CRM ɗinmu na afulatoksin ya ƙare, wato garin gyadar nan mai takardar shaida, wanda aka riga aka san yawan gubar da ke cikinsa. Afulatoksin guba ce da funfuna ke haifarwa a gyada. Sau uku ina rubuta takardar neman sabo. Oga ya ce dala ta yi tsada, ai injin auna gubar, wato HPLC, ba ya ƙarya. Injin kuwa abin da aka ba shi ya faɗa. Ruwan ma'aunin da muke saita shi da shi a cikin metanol yake, an sha buɗe kwalbar, ga firiji na kwana ba wuta. Metanol ya yi ta ƙafewa, gubar ta fi abin da ke rubuce a jikin kwalbar ƙarfi, sai kowane samfur ya riƙa fitowa ƙasa da gaskiyarsa. Da akwai CRM a jerin, ranar za mu gane, don adadinsa ba zai kai na takardar shaidar ba.

Na san babu shi, na kuma sa hannu a takardar sakamakon gwajin wata gyada da za a fitar waje. Wannan laifina ne.

Kayan suka isa Turai, inda iyakar B1, ɗaya daga nau'o'in afulatoksin, a gyadar da za a ci kai tsaye maikurogiram 2 ce a kilo, jimillar nau'o'in kuma 4. Aka sake aunawa, aka ƙi karɓa. Alhajin da ya zuba jarinsa ya zo riƙe da takarda, sunana a ƙasanta. A gaban kowa Oga ya dube ni ya ce, "Malam, kai ne a kan inji, me ya hana ka yin magana?" Takarduna uku suna aljihun teburinsa a lokacin. Ni aka ba takardar gargaɗi. Ƙarin girman da na rasa na bar wa Allah, amma tambayar nan har yau tana ci mini rai.

Sauran kun sani. A rubuta ranar buɗe kowace kwalba, a nisanta ta da haske. Kada a jira masu duba ISO 17025, wato ƙa'idar ingancin ɗakunan gwaji, kafin a cike jadawalin sa ido. Tun daga lokacin, duk gwajin FAPAS da na yi, wato gwajin ƙwarewa da ake turo wa ɗakunan gwaji daga waje, makin z ɗina, mai nuna nisan sakamakona da adadin da aka tsayar, bai fita daga iyakar 2 da ake amincewa da ita ba.

Sabon CRM na cikin firiji, wa'adinsa a rubuce a murfi. Kwafin takardun nan uku kuwa na tafi da su gida.