Dattijon da na yi wa ihu

Ranar Alhamis na miƙa makullin sashen gashin ƙashi, bayan shekara huɗu. Cikin duk waɗanda suka ratsa hannuna a Damagaram, mutum ɗaya ne na kasa mantawa.

Dattijo ne daga unguwar Birni, mai cutar makyarkyata da likitoci ke kira Parkinson. Ƴaƴansa sun kai shi Faransa, ƙasar da likita Alim-Louis Benabid ya soma irin aikin da aka yi masa a 1987, aka dasa masa siraran wayoyi biyu can cikin ƙwaƙwalwa, da batir ƙarƙashin fatar ƙirji mai aika ɗan lantarki kusan sau 130 a daƙiƙa. Rawar hannu ta kwanta, har yana shan shayi ba ya zubarwa. Murya ce ta shige ciki, sai ka kai kunne bakinsa.

Kullum ina ce masa, "Baba, ɗaga murya." Ya ce ai ihu yake yi. Ni da ƙuruciyata na yanke cewa kunne ne ya mutu, na rubuta a takardarsa, na koma yi masa magana kamar mai talla a kasuwar Dole. Wata safiya, gaban uwargidansa da jikoki, ya kama hannuna ya ce, "Ƴata, ina jin ki. Ba kurma ba ne ni." Na rasa inda zan sa fuskata.

Sai daga baya na karanta cewa cutar kanta ke ɓata awon ƙarar murya a ƙwaƙwalwa: mutum na raɗa, shi a jinsa da ƙarfi yake magana. Na'urar ma takan nauyaya harshen wasu, shi ya sa ake sake saita ta. Majo ɗinmu, wato shugaban ma'aikatan sashen, ya san wannan sarai, ya ga abin da na rubuta, ya yi gum, sai a taron safe ya karanta shi ana dariya.

Ku da za ku gaje ni, ku tambayi mara lafiya kafin ku ɗauki biro. Ku riƙa ajiye kwafin rahotonku ma.

In ƙafar dattijon ta kafe a bakin ƙofa, tafi nake masa, ɗaya biyu, kamar kiɗan kalangu, sai ya taka. A rahoton ƙarshen shekara, sunan Majo aka sa a kan dabarar.